Ruwan Famfo a Lagireto da Batir: Abin da Yake Bari a Baya

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, kuma a wannan tsakanin ne kasuwar masu gyaran lagireto da masu cajin batir take buɗewa. Wanda ya bi hanyar Argungu ko ta Jega da azahar ba zai rasa ganin mota a gefen titi an ɗaga mata bonet ba, tururi na tashi, yaron mota ya nufi ƙauye mafi kusa da galan a hannu. A Badariya kuwa, masu mota da yawa suna da al'ada guda kafin fita da safe: a buɗe murfin lagireto, a ɗebo ruwa a buta daga famfon tsakar gida ko jarkar ɗan ga-ruwa, a cika. In batirin mai murafu ne, a tsiyaya masa ragowar. Ka yi wa mutum magana, ya ce maka, "Malam, ruwan da nake sha ne fa, ni da iyalina. Mota ta fi ni ne?"

Tambayar tana da ma'ana, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Ma'aunin ruwan sha daban yake da ma'aunin ruwan inji. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta yarda a sami sinadarin kulorayid, wato wanda ke cikin gishirin miya, har miligiram 250 a lita guda. Kamfanin Caterpillar, mai ƙera manyan injinan dizal, ya ce ruwan da za a haɗa a zuba a injinsa kada kulorayid ɗinsa ya wuce miligiram 40. Dalilin wannan tazara a fili yake. Jikin mutum yana amfani da gishiri da ƙarfe da sinadarin farar ƙasa, abin da ya yi masa yawa kuma ya fitar da shi. Lagireto da batir ba su da mafita. Ruwan ne kaɗai ke tafiya, ya zama tururi ko iska. Duk abin da ya ɗauko daga ƙasa yana nan zaune. Gobe a ƙara wani, shi ma ya tafi ya bar nasa. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar mai shayi da ta shekara a kan wuta ya ga farin ɓawon da ya manne a gindinta, alhali ruwan da ake zuba mata kullum garai-garai yake.

Abin da ruwa ke ɗaukowa ya danganta da ƙasar da ya ratsa. Birnin Kebbi da Argungu suna zaune a kan yashi da laka da jan marmara, shimfiɗar da masana duwatsu suka sa wa sunan Gwandu. Ruwan burtsatsai da dama a nan ba shi da nauyi a baki, amma a bar shi a bokiti ya kwana sai a ga jan datti ya kwanta, ko bangon tanki ya rine. Wannan ƙarfe ne. In aka nausa gabas wajen Sakkwato, an hau dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda kamfanin siminti ke fasawa, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse shi ne wanda sabulu ba ya kumfa da shi sosai, shi ne kuma mai barin farin ɓawo. Rijiyoyin fadama marasa zurfi sukan yi zartsi idan rani ya yi nisa. Ruwan gulbi yana tafe da laka. Na famfo an sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma daidai aka yi. Direban da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, yana cikawa a duk tashar da ya tsaya, yana tara wa motarsa kowane iri.

Sai dai abu biyu ne ake zuba wa ruwan nan, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. A nan mutane suke ruɗewa, har da waɗanda suka ji labarin tataccen ruwa suka karɓa.

Batirin mota bai sauya asali ba tun 1859 da wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi: faranta na dalma a jiƙe cikin asid da aka sirka da ruwa. Ɗaki shida ne a ciki, kowanne yana ba da bolt 2.1, jimilla 12.6 idan ya cika da caji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan cikinsa asid ne, sauran ruwa zalla. Yayin da altaneta ke caji, musamman in batirin ya riga ya cika, wutar tana fasa ruwan zuwa iska biyu, haidurojin da oksijin, su fice ta hujin murfi. Zafi kuma yana ƙafar da wani. Asid ɗin bai je ko'ina ba. Saboda haka idan ruwan batir ya yi ƙasa, ruwa ne ya ragu, ruwa kaɗai za a mayar. Mai cajin da ya ce "bari in ƙara masa asid ya ƙara ƙarfi" yana ƙona farantan ne; batirin zai yi zafin nama na ɗan lokaci, sannan ya mutu da wuri. Ba a sake zuba asid sai in batirin ya kife ya zube.

Ƙarfen da ke cikin ruwan burtsatse shi ne babban abokin gabar batir. Ɗan kaɗan ya isa. Idan ya narke cikin asid, yakan riƙa kai-komo tsakanin faranti mai ba da wuta da mai karɓa, yana kwashe caji daga wannan ya zubar a wancan, ko da mota na ajiye an cire makulli. Shi ne ake jin mutum yana cewa, "Jiya-jiya aka yi masa caji, yau ya kwana ya sauka," a je a tuhumi mai gyaran wuta ko altaneta, alhali ɓarawon yana cikin batirin. Kulorayid kuma yana cin ragar dalmar da ke riƙe da farantan, sinadarin farar ƙasa ya haɗu da asid ya zama farin gari ya toshe ƙofofinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya cirewa bayan ya shiga. A ra'ayina babu sassauci a nan ko kaɗan: ruwan batir dole ya zama wanda aka dafa ya zama tururi aka tara, ko wanda na'ura ta cire wa gishiri gaba ɗaya. In babu shi yau, gara a jira gobe, matuƙar farantan ba su fito fili ba.

Yanayinmu yana tsananta lamarin. Masu ƙera batir suna auna rayuwarsa a digiri 25, kuma lissafin da suka saba bayarwa shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage ta da rabi. A auna wannan da ƙarƙashin bonet a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu. Batir a nan ya fi na Turai shan ruwa, ana ƙara masa sau da yawa, saboda haka datti ya fi saurin taruwa in ruwan ba mai kyau ba ne. In kuma an ga batir yana shanye ruwa kowane mako biyu, a auna altaneta: ya kamata ta tsaya tsakanin bolt 13.8 da 14.4 yayin da inji ke aiki, in ta wuce haka dafa batirin take yi. Ruwan ya rufe farantan da kamar santimita 1 zuwa 1.5, ko ya tsaya a layin da aka zana. Cikawa har baki yana sa asid ya yi ambaliya ya ci kan batir da ƙarfen da yake zaune a kai.

Yawancin motocin yanzu suna zuwa da rufaffen batir wanda ba a buɗewa, don haka wani zai ce maganar ta tsufa. Ba ta tsufa ba, gida ta koma. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da shaguna da masallatai da yawa sun koma sola da imbata, kuma dogayen batiran nan masu amfiya 200 ko 220, masu ɗan tsinke a ka da ke nuna matakin ruwa, suna shan ruwa da lita-lita. Kuɗinsu ya ninka na batirin mota. Sau da yawa maigida na kasuwa, yaro ake aika ya duba, shi kuwa abin da ya gani a randa shi zai zuba. Ya kamata a ajiye galan na musamman kusa da batiran, a nuna wa kowa a gidan. A kuma bar wa ɗakin iska, kada a leƙa ramin batir da ashana ko a sha taba kusa da shi, domin haidurojin yana fashewa. In asid ya fantsama a ido ko a fata, to nan ruwan famfo ya zama magani: a yi ta kwarara shi na tsawon mintuna, sannan a nufi asibiti. Batiran jel da na litiyam ba a zuba musu ruwa kowane iri.

Lagireto labarinsa ya fi tsawo, domin a nan tataccen ruwa shi kaɗai ma bai wadatar ba.

Injin mota an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100. Ruwa yana zagayawa ta cikin bulok da tof silinda, ya kwaso zafi, ya bi ta siraran bututun lagireto iska ta huce shi. Ruwa mai farar ƙasa yana sakin ɓawonsa ne a inda ya fi zafi, wato daidai jikin tof silinda, inda aka fi buƙatar zafi ya fita. Ɓawon ba ya barin zafi ya ratsa. Ɓarɓashinsa kuma ya tafi ya toshe bututun lagireto ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda tsatsa na cin ƙarfen bulok, gishiri na huda alminiyam, domin injinan Corolla da Camry da Golf da muke hawa duk tof silindarsu alminiyam ne. Idan aka haɗa ƙarfe iri biyu ko uku a cikin ruwa mai gishiri, wata 'yar wuta tana gudana a tsakaninsu, mai rauni a cikinsu ya riƙa narkewa. Jan ruwan nan kamar kunun kanwa da ake gani in an kwance lagireto, jikin injin ne ya zube. Daga nan fuka-fukin wata famfo su cinye, roba ta fara yoyo, allura ta fara hawa a go-sulo, wata rana gasket ya ƙone. Duk wannan yakan ɗauki shekara biyu ko uku, shi ya sa ba a danganta shi da butar safe.

Wanda ya ji haka ya sayo tataccen ruwa ya cika lagireto da shi zalla, ya magance ɓawo amma bai magance tsatsa ba. Ruwa komai tsabtarsa, in ya haɗu da iska da ƙarfe mai zafi, zai ci shi. Abin da ke hana wannan shi ne kulan, ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan. Kuma a kan kulan ne aka fi samun gardama a gareji. Motoci 'yan Kwatano suna isowa da shi a ciki, a gyara na farko a zubar, bakanike ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar ƙanƙara ne, nan ba ma buƙatarsa." Gaskiya ne rabin kulan sinadarin gilaikol ne, wanda ke hana ruwa daskarewa har digiri 37 ƙasa da sifili, kuma sanyin hunturun Argungu bai taɓa kusantar haka ba. Gaskiya ne kuma ruwa zalla ya fi haɗin ɗaukar zafi da kaɗan. Bakaniken bai yi ƙarya ba a nan. Abin da ya bari shi ne sauran aikin kulan. Yana ɗauke da magungunan da ke shafe jikin ƙarfe da alminiyam su hana su ci. Yana kuma ɗaga matakin tafasa: ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100, a ƙarƙashin murfin lagireto mai kyau wajen 120, haɗin rabi da rabi kuwa ya kusa 128. Ga motar da ta ɗauko buhunan shinkafa tana hawa tudu da rana tsaka, wannan tazarar ita ce tsakanin isa gida da kwana a hanya.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu da yawancin motocinmu na Japan ne. Kamfanonin Japan irin su Toyota da Honda suna sa sinadarin fosfet a kulan ɗinsu don kare alminiyam. Na Turai irin su Volkswagen sun guje shi, saboda ruwan ƙasashensu da yawa yana da farar ƙasa, kuma fosfet in ya haɗu da ita yana zama laka. Ke nan wanda ya sayi jan kulan na Toyota mai kauri, ya sirka shi da ruwan rijiya mai nauyi, ya kashe maganin da ya biya kuɗi ya saya. Mai launin hoda na Toyota an riga an sirka shi daga masana'anta, ba a ƙara masa komai, kuma kamfanin ya ba shi kilomita 160,000 kafin canji na farko. Don haka a karanta jikin galan: in mai kauri ne, a sirka da tataccen ruwa rabi da rabi, in an rage don zafi kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku, in sirkakke ne, a zuba yadda yake. Launi ba shaida ba ne. Akwai ruwan rini da ake durawa a galan a sayar da sunan kulan. Na gaskiya yana da ɗan santsi a yatsa, kuma in an zuba kaɗan daga haɗin rabi da rabi a rufaffiyar kwalba an sa a firiza, nesa da abinci, ba zai daskare ba.

Ba zan wuce ba tare da na taɓa maganar tamostat ba, domin tafiyarta ɗaya da ta lagireto. Mota ta fara zafi saboda lagireto ya toshe, sai a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Allura ta sauka, kowa ya gamsu. Toshewar tana nan, injin kuma yanzu yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai fiye da kima, a lokacin da litar fetur ta zama abin da ta zama. Haka nan murfin lagireto: ƙaramin abu ne mai araha, amma in robarsa ta mutu ba ya riƙe iska, ruwa ya riƙa tafasa da wuri yana ficewa. Motar da lafiyarta ƙalau ba ta neman ruwa kullum. In tana nema kowace safiya, akwai inda yake bi, kuma neman wurin ya fi cika ta.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, ga ta Labana a Birnin Kebbi, manyan motoci da taraktoci sun ƙaru a kwarin Rima. Su asararsu ta fi girma. Injinan dizal da yawa suna da silif da ruwa ke taɓawa kai tsaye. Girgizar inji tana haifar da ƙananan kumfa a jikin silif ɗin, suna fashewa suna ƙwaƙule ƙarfen har su huda shi, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Kulan na manyan motoci yana da maganin wannan, ruwan gulbi ba shi da shi. Injinan niƙa da na casar shinkafa masu buɗaɗɗen tanki a ka su ne kaɗai zan yi wa uzuri, tunda ruwansu tafasa yake yana tashi duk yini, ba mai iya sayen tatacce ya biya wannan. Su a nema musu ruwa mafi sauƙi, a bar laka ta kwanta kafin a zuba, a riƙa wanke tankin.

To ina za a sami tataccen ruwan? Tafasasshen ruwa ba shi ba ne. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma gishirin ƙaruwa ma yake yi, tunda ruwan ya ragu. Fiya wata da ruwan gora an tace su don sha, yawancinsu da sauran ma'adinai a ciki. Shagunan batir da na kayan sola da wasu kemis suna sayar da na gaske, sai dai a yi hattara, domin abu biyu ake kira ruwan batir a kasuwa, akwai mai asid na cika sabon batir, akwai na ƙari. A tambaya a bayyane. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗiga kaɗan a kan madubi mai tsabta a bar shi ya bushe a inuwa. Na gaske ba ya barin tabo. Akwai kuma 'yar na'ura mai kama da alƙalami da masu sana'ar fiya wata ke auna gishirin ruwa da ita, ba ta da tsada. Tatacce yakan nuna sifili ko kusa da shi, na burtsatse ya nuna gommai ko ɗaruruwa. Kowane mai cajin batir da ke mutunta sana'arsa ya kamata ya mallake ta, ya auna a gaban mai kaya.

Ruwan da ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki daga iska ya fito, bai ratsa ƙasa ba, saboda haka ya kusa zama tatacce. A tara shi a roba mai tsabta, a tace ƙura da ƙyalle; ya yi kyau ƙwarai wajen sirka kulan, a batir kuwa sai in farantan sun fito fili kuma an rasa na saye. Da damina aka fi samunsa. Ruwan sama ma haka, in an tare shi a fili cikin baho na roba bayan an yi ruwa biyu-uku sun wanke ƙura. Wanda ya gangaro ta kan kwano ya kwaso tsatsa da tutiya, bai dace da batir ba.

A kan hanya hukuncin ya sauya. Mota ta yi zafi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, babu kulan babu tatacce, to a zuba ruwa mafi tsabta da aka samu, fiya wata ta fi na kududdufi. Inji babu ruwa minti kaɗan ya ishe shi ya lalace, ɓawo kuwa sai an shekara. A kashe mota, a jira ta huce sosai kafin a taɓa murfi, domin ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce digiri 100 kuma zai yi tsalle ya sami fuska. Kada a kwarara ruwan sanyi a injin da ke turiri, tof silinda na iya tsagewa ko ya lanƙwashe. In an iso gari, a gyara inda ke yoyo, a zubar da abin da ke ciki, a ɗauraye har ruwa ya fito fari, ba da omo ba, sannan a zuba haɗin da ya dace.

Tsohon kulan da aka zubar kada a bar shi a kwata ko a buɗaɗɗen bokiti. Gilaikol yana da zaƙi, awaki da karnuka da ƙananan yara suna iya sha, kuma yana kashe ƙoda. A unguwa irin Badariya, inda gareji ke maƙwabtaka da gidaje dabbobi na yawo a tsakani, a dura shi a jarka a rufe a ajiye inda hannu ba ya kai. Mataccen batir kuma a mayar wa dillali yadda yake, kada a tuntsurar da asid ɗinsa a ƙasa don a rage nauyi, domin yana tafe da narkakkiyar dalma, ruwan damina kuma duk fadama yake gangarawa, inda ake noman shinkafa ake kuma haƙa rijiyoyin sha.